Ƙwayar Mawahib

"Cire safar in gani," in ji Dakta Abdulganiyu.

Mawahib ta sunkuya ta naɗe tob ɗinta, lafayar matan Sudan, zuwa gwiwa. Ƙafar hagun ta sake kumbura, jijiyoyin sun taso sun murɗe a bayan ƙwauri. Shekara tara ke nan tana guga a tsaye a shagon wani tela cikin Kasuwar Umdurman. Wata uku da suka wuce jini ya daskare mata a wannan ƙafar, likitan ya ɗora ta kan maganin tsinka jini, ƙwaya ɗaya kullum.

Ya danna wurin da yatsa, ta cije leɓe.

"Kina shan maganin, 'yata?"

"Ina sha, Baba."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. A Umbadda suke unguwa ɗaya, sahu ɗaya yake sallah da mahaifinta, ranar sunanta ma yana wurin. Shi ya sa zuwanta biyu da suka wuce ta tafi da maganar a bakinta.

"Kwana biyar ban sha ba," ta ce a hankali.

"Ya ƙare ne?"

"Akwai."

Ya ajiye biro yana jira. Fankar sama ta tsaya cak, an ɗauke wuta. Mawahib ta nemi kalmar da Hausa, ta same ta, amma harshenta ya ƙi ɗauka. Ta yaya za ta gaya wa abokin mahaifinta cewa watan jiya kwana goma sha ɗaya ta yi? Cewa ta daina zama a kujerar mota, gara ta tsaya tun daga Umbadda har kasuwa? Cewa ranar Talata jiri ya kwashe ta da dutsen guga a hannu, kuma mahaifiyarta ce ta ɓoye kwalin ta ce wannan magani zai tsotse ta?

Sai ta juya harshe zuwa Larabci, ta ambaci al'adar tana kallon bango.

"Addaura ce, ya Dakta. Tun da na fara maganin ba ta tsayawa."

Shi ma bai koma Hausa ba. Ya mayar da idonsa kan takarda, ya yi ta tambaya da Larabcin asibiti kamar bai taɓa ganin ta ba: kwana nawa, sau nawa take canzawa, ko da gudaji, ko numfashinta na sama idan ta yi tafiya. Ta amsa duka, har da zancen kwalin da mahaifiyarta ta ɓoye. Ya ja fatar idonta ya duba, ya girgiza kai.

"Maganin ne," ya ce. "Irinsa yana ƙara wa mata jinin al'ada, wasu ƙwarai. Laifina ne, ni ya kamata in tambaye ki tun farko. Amma dainawa ta fi haɗari. Gudan jinin ƙafar nan in ya ɓalle, huhu zai nufa."

"To in bar ƙafar ko in bar jinin? Ɗaya dai zai ci ni."

"Babu wanda zai ci ki, in sha Allahu. Zan canza miki wani da ya fi sauƙi, in haɗa da na ƙarin jini. Yau za a auna jininki. Jibi ki ga Daktora Ni'mat, likitar mata ce." Ya yage wata takarda. "Wannan ta hutun sati biyu ce, ki kai wa mai shago."

Ta yi 'yar dariya mara daɗi. Sallah saura kwana goma, ɗinki ya yi tudu.

Sai da ta kai ƙofa ya dawo Hausa. "Ki gaida Hajja. Ki ce ni na ce ta fito da kwalin ta kawo mini."

Bayan azahar ta fito, auduga manne a hannu, sabon maganin a jaka. A bakin titi akwai randunan sadaka ƙarƙashin wata bishiya. Ta ɗebi ruwa, ta daɗe tana kallon ƙwayar a tafinta, sannan ta haɗiye.

Motar kasuwa ta tsaya, kwandasta yana ƙwala kira. Ta yi taku biyu, ƙafar ta soke ta har ƙugu. Ta tsaya tana kallo har motar ta cika ta tafi.

Ta ciro waya ta kira mai shagon.

"Maigida, a nemi wani ya yi gugar. Ba ni da lafiya."

"Subhanallah, me ya same ki?"

"Ƙafa ce," ta ce, ta tsallaka titi zuwa layin motocin Umbadda.