Amalanken Kashin Shanu

"Yau wace rana?" Gwadabe ya sake tambaya, yana kiciniyar sauko da ƙafa daga gado.

"Alhamis, Malam. Ka kwanta mana," in ji Kande, matarsa.

"Yau suke wankin injuna." Ya juya ga Uba, maƙwabcinsa, da ke tsugune a bakin ƙofa. "Ka leƙa lambunka?"

Uba ya leƙa tun asuba. Ruwan da ke gangarowa fadama daga kamfanin tumatir ya yi farar kumfa, ganyen albasarsa ya fara ƙonewa. Ya gyaɗa kai.

Shekara goma sha ɗaya Gwadabe yana kula da tafkin da kamfanin ke tace ƙazamin ruwansa. Cewa yake akwai ƙananan halittu a ciki masu cinye dauɗa, yana maganarsu kamar mai kiwo. Da ciwo ya kwantar da shi, aka ɗauko mai takardun shaida daga birni. Tun daga nan ake sako wa tafkin ruwan soda da bilic na wankin injuna gaba ɗaya, ba sirki.

"Sun kashe su ke nan," in ji Gwadabe. "Je ka ruga ka ciko amalanke da ɗanyen kashin shanu, a zuba a tafkin, za su farfaɗo. In ba haka ba, kafin Lahadi ba ka da albasa."

"In bar ka haka in tafi kwasar kashi?"

"Zaman naka allura ce? Tashi, malam!"

Hantsi ya yi wa Uba a ruga wajen Burumburum, azahar a ƙofar kamfani.

"Baba, nan fa abinci ake yi," in ji maigadi, yana toshe hanci.

"Ka ce wa manaja Gwadabe ne ya aiko."

"Wane ne Gwadabe?"

Manaja yana taro. Uba ya zauna, ya miƙe, ya kewaya amalanken, ya sake zama. Da la'asar aka fito aka ce ya rubuto takarda.

Da ya shawo kwanar layinsu sai ya hangi tabarmi. Har an dawo daga maƙabarta.

Ya shiga zaure ya yi sallama. Kande ta amsa daga bayan labule, murya a dushe.

"Malam Uba, sun karɓa? Har ya cika yana tambaya."

"Sun karɓa," in ji Uba.

A waje, shanun da ke jan amalanken suna tsaye da kayansu, ƙudaje na tashi suna sauka. Masu zaman makoki suka ja tabarmarsu gaba kaɗan.