Bindiga a Cikin Tabarma

Malam Ƙasim ya koma kujerarsa ana ta tafi, shi kuma yana gyara zaman hularsa. Shi ne shugaban 'yan sintirin unguwarsu a Getso, shi ya sa aka gayyato shi Gwarzo, taron wayar da kai kan ajiye bindiga nesa da yara. Ya kuwa zuba magana har da bugun ƙirji: shekara goma sha ɗaya yana riƙe da bindigar toka, ko matarsa ba ta san inda yake ajiye ta ba.

Wata ma'aikaciyar asibiti, Hajiya Naja'atu, ta karɓi abin magana.

"Allah ya saka da alheri, Malam. Tambayata ɗaya ce. Yanzu haka a ɗure take, ko babu komai a cikinta?"

Ya yi murmushin manya. Su mutanen asibiti ina suka san bindigar toka? In ka ɗura mata albarushi, ba ya fita sai ka harba. Wa kuma zai harba bindiga a gari a wannan zamani, jama'a su watse suna zaton ɓarayin daji ne? Shi dai in ya dawo sintiri, naɗe ta yake a tsohuwar tabarma, ya cusa cikin sauran tabarmi a ɗakin ajiya.

Tabarmi.

Da safen nan yana sa takalmi maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga, ta ce za a turo yara bayan azahar su kwashi tabarmi, yau walimar saukar 'yarta Mubina. Shi da bakinsa ya ce wa matarsa, "Gwamma, a ba su duka."

Ya duba agogo. Biyu ta wuce.

Bai yi wa kowa sallama ba. Ya kira Gwamma, waya na ta ƙara ba a ɗauka. Ya daki babur sau uku kafin ya tashi, ya hau titi babbar riga na kaɗawa. Ya san 'yarsa Zinnira sarai: shekararta bakwai, ba a aike a unguwar nan ba ta sa kai ba, kuma duk abin da ta gani a naɗe sai ta warware shi. Garken shanu ya tare hanya, ya tsaya yana ta danna oda, makiyayin ko a jikinsa. Tsoro ya ji, tsoro sosai, irin wanda bai taɓa ji a daji ba.

A ƙofar maƙwabta an riga an shimfiɗa tabarmi. Ga tsohuwar can, mai ƙonannen gefe, yara huɗu zaune a kai suna cin cincin.

Ya faɗa gida ko sallama babu. Gwamma na tsakar gida tana tankaɗe.

"Lafiya, Malam? Har an tashi?"

"Tabarmar nan... akwai abu a cikinta."

Ta kaɗe hannu, ta kwance makulli daga haɓar zanenta, ta shiga ɗaki ta buɗe sif. Ga bindigar a tsaye bayan atamfofinta.

"Kullum ka fita sai in ɗauke ta," in ji ta. "Kafin magariba in mayar maka."

Ya zauna a bakin gado.

"Tun yaushe? Wa ya gaya miki tana can?"

"Zinnira. Tun daminar bara. Jan ta ta yi har bakin murhu, wai in zo in taya ta, abin nan na ƙasa da ake ja a harba ya yi mata tauri."

"Kika yi shiru?"

"Sau biyu na soma, ka ce maganar bindiga ba ta mata ba ce."

Ta miƙo masa makullin. Ya dube shi, bai karɓa ba.

Sai ga Zinnira a guje, bakinta duk maiƙon cincin, ta faɗa jikinsa.

"Baba, Inna ta ce ka je Gwarzo koya wa mutane abu. Me ka koya musu?"

Ya riƙe ƙananan yatsunta ya daɗe yana kallo.