Dunduniyar Inna

Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye, matar Auta ke jinyarta, kuma abin yana ci wa Yaya rai. Ita ce 'yar fari, amma ko me ta riƙo ta shigo da shi, idon Inna na kan yarinyar nan, sai ka ce ita ta haifa.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne juyin. Bini-bini matar Auta ta mirgina tsohuwa dama, an jima hagu, ta cusa matashi ƙarƙashin ƙafafu, Inna na ta nishi.

"Wai shanya kike yi ne? Ki bar baiwar Allah ta huta mana!"

"Likita ne ya ce, Yaya."

"Likita! Ba a haife ki ba na san jikin uwata."

Da aka kira matar Auta gidansu saboda ƙanwarta ta haihu, Yaya har da 'yar waƙarta. Ta shimfiɗa sabon zanin gado, ta shafa wa Inna mai, ta sa mata safa mai kauri, ta kwantar da ita rigingine, ta hana kowa motsa ta. Inna ta yi kwanaki tana sharar barci, babu nishi. Duk wanda ya zo dubiya sai Yaya ta ba shi labari, ko bai tambaya ba.

Ranar da matar Auta ta dawo, ranar ma'aikaciyar jinya ta zo duba Inna. Ta zare safar. Dunduniyar ta yi baƙi ƙirin, fatar ta saɓule.

"Nama da jini yake rayuwa," in ji ta. "In ƙashi ya danne shi a kan katifa, jini ba ya kaiwa, sai ya mutu tun daga ciki kafin ido ya gani. Wa ya daina juya ta?"

Yaya ta sunkuya ta ɗauki safar. Inna na kallonsu.

"Laifina ne," in ji matar Auta. "Na tafi ban yi wa Yaya bayani ba."

Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya ta dafa kan yarinyar. Yaya na tsaye da safa a hannu, an rufa mata asiri, kuma a duniya ba wadda ta tsana kamar wadda ta rufa shi.