Dakta Ta Iso

Babakura mai hula bai taɓa cewa shi marubuci ne ba. Huluna yake sayarwa a babbar kasuwar Maiduguri, zanna da dara da aikin Bama, bokonsa kuwa a firamare ya tsaya. Littafi ɗaya ya rubuta, shi ma don abin ya ƙi barin ƙirjinsa ne. Shekarar da mutanen Konduga suka gudo, shi ya goyo mahaifiyarsa ya nufo Maiduguri da ita a ƙafa. Ta cika a hanya bai sani ba, ya ci gaba da yi mata hira har suka shigo gari. Abin da ya rubuta ke nan. Ya kai wa Fidelis, ɗan Ibo mai shagon ɗab'i a unguwar Dala nan Maiduguri, ya buga masa, suka sa wa littafin suna Goyon Konduga.

To, Babakura Babarbare ne, harshen Barebari kuwa ba ruwansa da mace ko namiji. In ya juya Hausa, sai ya ce matata ya zo, ƙanena ta tafi, kuma duk kasuwa ba mai ɗaga kai, don rabin garin haka suke faɗa. Fidelis ma a bakin Barebari ya tsinci Hausarsa. Makaho ya ja makaho, littafi ya fito.

Ana nan sai aka gayyace shi taron manazarta adabi, aka ce za a yi magana a kan littafinsa. Ya sa babbar riga, ya zaɓi hular da ya hana kowa saye, ya ɗauki matarsa Aisa suka tafi. Mai jawabi shi ne Dakta Hashim, malamin jami'a da ke zaune a unguwar Mairi. Haifaffen Dala ne, Babarbare shi ma, kowa ya san gidansu, amma ya je Kano karatu ya wanke harshensa tas, har ya fi Kanawa Kananci. Tabarau a goshi yake ajiye shi, kuma ba ya haɗa magana uku bai ce "a ilmance" ba.

Dakta ya faro daga waƙoƙin ajami na malaman da, ya yabe su. Ya gangaro kan jaridun zamanin Turawa, ya ce a lokacin ko sanarwar ɓatan jaki aka buga sai ka ji daɗin Hausa. Daga nan ya sauko kan littattafan yau, ya ɗaga Goyon Konduga da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera. Ya buɗe shafin da Babakura ya fi shan wuya kafin ya rubuta, ya karanta layin farko.

"Uwata ya mutu a bayana."

Ya dakata, ya dubi jama'a. "To, a ilmance, wa ya mutu? Uwar ko uban? Ko dai marubucin ne bai tantance wanda ya haife shi ba?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Ɗalibai har da buga tebur. Dakta ya rufe littafin, bai ƙara ko layi ɗaya ba. Aisa ta ja lafayarta ta rufe fuska. Babakura bai tashi ba, ya zauna har aka yi addu'ar tashi, yana kallon bakin Dakta.

Bai tsaya nan ba, Dakta ya buga jawabin a mujallar manazarta. Can ƙarshe ya rubuta cewa mai wannan alƙalami ba zai taɓa rarrabe ya da ta ba, ko da za a jiƙa masa nahawu ya sha. Wani ɗalibi ya ɗauki hoton shafin, ya yi ta yawo a waya har ya iso kasuwa.

Wanda ya fi kowa jin daɗi shi ne Abdulnasir, Bakano mai yadi, maƙwabcin rumfar Babakura. Dama tsakaninsu ba a rasa tsiya.

"Babarbare, ina kwana? Aisa ya tashi lafiya? Akuyarka ya haihu?"

Babakura ya jure har ya gaji. Rannan ya ɗauko littafin, ya tsallaka rumfar yadi, ya dangwara masa a cinya, ya kira shi da sunan da Barebari ke kiran Bahaushe.

"Afuno, karanta shafin nan. Har ƙasa. In ka gama ka yi dariyar."

Abdulnasir ya karanta. Da ya kai ƙasa sai ya nemi bakin yadi ya share ido, ya ce ƙura ce.

"Me kake so in yi maka?"

"Ka koya mini ya da ta. Wanda aka ce ko na sha ba zan iya ba."

"Da wannan furfurar?"

"Furfurar ce za ta karanta?"

Abdulnasir ya tafa hannu. "Ka ga, ka ma fara dacewa. Furfura mace ce."

Haka suka shiga. Ciniki ya yi sanyi, sai Abdulnasir ya nuna abu, Babakura ya faɗa. Kujera ta karye. Buhu ya fashe. Wuƙa ta yanke ni.

"Wa ya leƙa wuƙar ya ga mace ce?" in ji Babakura. "Ku Hausawa ba ku da aikin yi."

"Ruwa fa?"

"Ta zube."

"Ya zube, ɗan Barebari! Ba duk kalma mai ƙarewa da harafin a ce mace ba."

Damina ta wuce, zafi ya zo ya wuce, Babakura na rubutu a bayan tulin huluna. Ba labarin Konduga ba ne wannan karon. Labarin wani malami ne mai tabarau a goshi, wanda bai taɓa rubuta littafi ba sai dai ya yanka na mutane. Ba a ba shi suna ba, Dakta kawai. Kowane shafi sai Abdulnasir ya bi, har ya zama ba ya samun abin gyara. Ƙofa ta buɗe, ɗalibi ya shigo, mai shara ta gaishe shi, komai daram. Abu ɗaya ne Babakura ya hana a taɓa.

"Nan ka kuskure," in ji Abdulnasir. "Dakta ta gyara rawaninta. Ga shi nan kuma, Dakta ta shafa gemunta ta ce a ilmance..." Ya ɗago ya dubi maƙwabcinsa. "Kai, ba ka da imani."

"Ni ban san ya da ta ba. An buga a mujalla."

A gida Aisa ta sa aka karanta mata, ta saurara tana jera turaren wuta a kasko.

"Yanzu zagin da ka samo masa ke nan, ka mai da shi mace? Wadda ka goyo daga Konduga mece ce?"

Maganar ta soke shi. "A wurina ba zagi ba ne. A wurinsa zagi ne. Da sandarsa zan doke shi."

"Allah ya sa kada ta karye a hannunka."

Fidelis ya karɓi aikin yana dariya tun daga bango. "Oga Babakura, wannan Dakta za ta kai ni kotu fa."

"Ka ga, kai ma ka faɗa. Buga."

Littafin ya fito da suna Dakta Ta Iso. Babakura bai kai shi shagon littattafai ba. Keke napep ya cika, ya nufi Mairi, ya bi masu shayi da masu kwafin takardu inda ɗalibai ke taruwa, ya ajiye musu ya ce duk mai so ya ɗauka. Kafin mako ya zagayo, in motar Dakta ta shigo layi sai ka ji daga bayan katanga an ce, "Ta iso!" A aji, ya buɗe baki ya ce "a ilmance", ɗalibai sun dunƙule kai a tebur kafaɗu na rawa. Wani mara kunya ya rubuta Hajiya da yatsa a gilashin motarsa.

Wata Laraba da hantsi, kasuwa ta cika, Dakta Hashim ya ratso layin 'yan hula da littafin a hannu. Ba sallama.

"Kai ne Babakura?"

"Wushe, sannu da zuwa, Dakta. Hula ake so? Ga mai daidai kanka."

"Wannan ƙazafi ne! Da gangan ka yi, kuma sai na kai ka gaban hukuma."

Mutane suka fara matsowa. Abdulnasir ya bar mai sayen shadda a tsaye ya fito.

"Da gangan?" Babakura ya buɗe ido. "Ni? Ai ni jahili ne, Dakta. Kuskure ne."

"Ƙarya kake! Na bi littafin nan daga farko har ƙarshe, a ilmance. Babu kuskuren jinsi ko ɗaya sai a kan mutum ɗaya. Wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake yi."

"Afuno, ka ji? Jama'a kun ji?" Babakura ya miƙe tsaye. "To Dakta, zaɓi ɗaya. In na san ya da ta, abin da ka buga a mujalla ƙarya ne, sai ka koma ka rubuta ka yi ƙarya. In kuwa mujallarka gaskiya ce, to ban san me na rubuta ba, ka je ka gaya wa alƙali jahili ya yi kuskure. Ni duk wanda ka ɗauka ya yi mini."

Tabaraun Dakta ya zamo daga goshi ya faɗo kan hanci. Gumi ya keto masa, jijiyar wuya ta tashi, Kanancin da aka yi shekaru ana gogewa ya tsage, Hausar Dala ta leƙo.

"Ka san abin da ka jawo mini? Har uwata ya ji! Uwata ya kira ni yana kuka, wai yara na tsokanarsa a layi!"

Sai wani mai sayar da hular dara ya ce, "Uwar ko uban?" Dariya ta tashi kamar an ɓalle buhun gero, har masu dako suna riƙe ciki.

Babakura ne kaɗai bai yi ba. Ya daka tsawa, "Ya isa! Ba a dariyar uwar mutum a gaban rumfata."

Dariyar ta tsaya. Ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya ciro Goyon Konduga, ya buɗe shafin, ya miƙa wa Dakta.

"Ranar nan layi ɗaya ka karanta ka rufe. Ƙarasa. Da ƙarfi, yadda ka yi a can. Kuma kada ka gyara mini ko harafi."

Dakta ya waiga, ba hanyar fita, mutane sun yi katanga. Ya karɓa.

"Uwata ya mutu a bayana. Ban sani ba. Ina ce masa, Ya, uwata, ga fitilun Maiduguri can, saura kaɗan. Bai amsa ba, na ce barci ya yi. Hannunsa da ya riƙe wuyana ya yi sanyi, na ce iska ce, na hura masa bakina. Na ce in mun isa zan saya masa shayi mai madara. Da na sauke shi a bakin masallaci, wani tsoho ya duba ya ce, yaro, tun yaushe kake ɗauke da gawa?"

Ba wanda ya tambayi uwar ko uban. Wata mai sayen hular ango ta juya baya tana jan hanci.

Dakta ya rufe littafin a hankali, ya ajiye shi kan huluna da hannu biyu.

"Na karanta," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Zan rubuta gyara a mujalla. Kai kuma ka janye wancan, don Allah. Ko don tsohuwata."

Babakura ya dube shi daga hula har takalmi.

"Tsohuwarka tana da rai, za ka je ka ba ta haƙuri ta ji. Gobe da kaina zan shiga layinku, duk yaron da ya sake tsokanarta ni da ubansa ne. Amma littafi yana nan. Ka tattaro mini dariyar da aka yi a ɗakin taron nan, ka zuba a buhu ka kawo, ran nan zan janye."

Dakta ya juya. Mutane suka buɗa masa hanya.

Abdulnasir ya matso. "Kai Babarbare, mutumin nan ya karanta fa. Bai isa ba?"

Babakura ya goge bangon Goyon Konduga da hannun riga, ya mayar da shi ƙarƙashin tebur. Ya ciro waya ya danna.

"Fidelis? Wancan na Dakta, sake bugawa. A'a, kada ka canza komai. Bangon kawai, ka ƙara wa tabarau girma."