Shayin Ramatu

Kun gani, kuka kawar da kai. Shekara uku Ramatu tana jan ruwan sama da guga daga tankin ƙasa na gidansu a Mai Wurno. Ta roƙi mijinta Gado ƙaramin famfo mai sola. Shi kuwa ya ɗauko ƙaton injin ban-ruwa daga garin Suki, don maƙwabta su gani. Cikin minti goma injin ya zuƙe ruwan da za su sha duk rani, ya malalar da shi a tsakar gida.

Da abokansa suka taru, ta kwaso lakar gindin tankin ta dafa musu shayi da ita.

Ta ce, "Sha, maigida. Kai ka zaɓa. Haka za ka sha har damina."

Kai ma, je ka tambayi mai jan guga a gidanka kafin ka sayi famfo.