Matar Yaya Likita Ce

Ranar da Yaya ya bugo waya ya ce zai kawo matarsa ta ga gida, ni kaɗai na yi kuka a gidanmu, kuma ba kukan kewarsa ba ne. Yaya ya daɗe a ƙasar waje, can ya yi karatu, can ya yi aure, mu dai sai hoto. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matar tasa likitar zuciya ce, ta yara ma. Ni kuwa 'yata, wadda muke kira 'Yar Tsana saboda ƙanƙantarta, da ciwon zuciya aka haife ta. Shekararta biyar, amma in ka gan ta ka ce uku. Taku kaɗan za ta yi ta tsuguna tana haki, leɓɓanta su yi duhu. A asibitin garinmu sun ce sai an yi mata aiki, mai aikin kuma ba su da shi, mu jira. Ubanta ya gaji da jira tun tuni ya kama gabansa, ni na dawo gaban Mama da keken ɗinkina.

Mama ta shiga gyaran gida kamar za ta sayar da shi. Aka yi fenti, aka aro kujeru daga maƙwabta, ni na ɗinka labule har na tagar da ba ta buɗuwa. Kofunan da tunda aka haife ni ban ga an sha ko ruwa da su ba, aka fito da su daga kwali. Hatta akuya an kai ta gidan Gwaggo, wai kada ta yi wa baƙuwa kuka. Ina dariyar akuya, ashe ni ma ina kan layi. Ana gobe za su iso Mama ta ce in kwashe shimfiɗar 'Yar Tsana in mayar ɗakin baya, inda kekena yake.

Na ce, "Mama, likita ce fa."

"Baƙuwa ce tukuna. Ba za ta sako ƙafa gidan nan ta fara cin karo da ciwo ba. Ki bari ta huta, za a san yadda za a gaya mata."

Na kwashe shimfiɗar, don na ɗauka hutun na yini ɗaya ne.

Suka iso. Doguwar mace ce mai fara'a, ba ta jin yarenmu ko kaɗan, mu ma ba ma jin nata, duk abin da za a ce sai ya bi ta bakin Yaya. Shi kuwa bakin nasa ya zama rariya. Mama ta ce wuta ba ta zama a unguwar nan, ya juya ya faɗi wani abu, matar ta yi dariya tana tafa hannu. Oho, Allah kaɗai ya san me ya ce mata.

Washegari na tare shi a bakin famfo yana wanke fuska. Ban ma gama kawo maganar 'Yar Tsana ba ya ɗaga mini hannu. Ya ce ya san halin da yarinyar take ciki, 'yarsa ce shi ma, amma in fahimce shi. Dangin matar sun ƙi auren nan da farko. Sun gaya mata mutanensa ba za su ɗauke ta a matsayin suruka ba, asibiti za su ɗauke ta, tana sauka za su jero mata marasa lafiya. Shi kuma ya rantse musu cewa gidansu gidan mutunci ne, ba mai roƙonta ko allura. Shekara da shekaru yana ba su labarin gida, yadda muke da wadatar zuci, yadda baƙo sarki ne a wurinmu. Ya ce in bari su koma, zai shigo mata da maganar a hankali.

Na ce, "Yaya, numfashinta ba ya jiran a hankali."

Ya goge fuska da tawul ya ce kada in kunyata shi.

Haka kwanakin suka yi ta tafiya. Kullum da safe su fita da motar haya a nuna mata gari. An kai ta kasuwa, amma ta ƙofar da aka share. An kai ta makarantar da Yaya ya yi, an kai ta bakin kogi ta ɗauki hoton rana tana faɗuwa. Direban ma an ja masa kunne kada ya bi ta titin asibiti, saboda mutanen da ke kwance a baranda. Su dawo da yamma ana ta raha a falo, ni ina kai shayi ina kwashe kofuna, ina murmushi har kumatuna suna ciwo. In na ji tari daga ɗakin baya sai Mama ta ƙara muryar rediyo.

Wallahi na tsani kaina a kwanakin nan fiye da yadda na tsani kowa. Ina shiga ɗakin baya in tarar da ita a tsugune gefen keke tana wasa da guntayen yadi, ta tambaye ni yaushe za ta ga matar Kawu. In ce gobe. Ita kuma ta ce to, don ba ta da ƙarfin rigima.

Sau ɗaya na samu dama. Mama ta ce in ɗinka wa baƙuwa riga ta tafi da ita, a san gidan nan akwai mai hannu. Na shiga ɗakin baƙuwar da tef ɗin awo, daga ni sai ita. Na auna kafaɗa, na auna hannu, na zagaya tef a ƙirjinta. Na kama hannunta, na nuna ƙofa, na ja ta. Ta biyo ni har tsakar gida tana murmushi, ta ɗauka yadi zan nuna mata. Saura kaɗan mu kai, sai ga Mama ta ɓullo daga kicin da faranti a hannu. Kallona kawai ta yi. Ni da na haifi 'ya, na yi aure na fito, kallon nan ya sa na saki hannun matar. Na koma na ɗinka rigar ina share hawaye da gefen zani, har na soke yatsana ban ji ba.

Ranar tafiya da hantsi aka loda akwatuna. Maƙwabta suka cika ƙofar gida, baƙuwa ta sa rigar da na ɗinka, ana ta ɗaukar hoto. Aka ce in zo in shiga. Na ce bari in sako mayafi.

Na tura ƙofar ɗakin baya. 'Yar Tsana ba a tsugune take ba, a kwance take a ƙasa. Leɓɓanta sun yi duhun da ban taɓa gani ba, idanunta a buɗe amma ba ni take kallo ba. Ban san lokacin da na sure ta ba. Na ratsa tsakar gida, na ratsa falo, na ture kujerar aro ta kife. Na ji Mama tana cewa, "Ke, mayar da ita!" Yaya ya tare ni a bakin mota, na bangaje shi da kafaɗa, na ɗora yarinyar a hannun matarsa a gaban kowa.

Murmushin ya ɓace daga fuskarta nan take. Ta durƙusa a ƙasa da sabuwar rigar, ta naɗe gwiwoyin yarinyar ta danna su a ƙirjinta, ta kara kunne, ta duba farce. Sannan ta ɗago ta yi wa Yaya magana da wata murya da ba mu san tana da ita ba. Bai fassara ba. Ta maimaita, ta nuna ni da yatsa. Dole ya fassara, kansa a ƙasa.

"Ta ce tun ranar da ta zo take jin tarin nan. Ta tambaye ni, na ce mata a wurinmu cin fuska ne baƙo ya yi tambaya a kan mara lafiya. Ta ce ta yi shiru ne don kada ku ce mutanen ƙasarsu ba su da kunya."

Mama ta matso tana gyara ɗankwali, ta ce Yaya ya ba baƙuwa haƙuri, an ɓata mata riga, kuma jirgi zai tafi ya bar su. Wannan kam bai fassara ba. Matar ta riga ta miƙe da yarinyar, ta tura ni cikin mota, ta ɗora mini ita a cinya, ta danna hannuna a kan gwiwoyin yarinyar yadda ta yi. Ta daki kafaɗar direba. Ko ba fassara ya gane, ya juya kan mota ya hau titin asibiti.

Yaya yana gaba yana kuka kamar yaro. Matar tana riƙe da wuyan hannun 'Yar Tsana, ba ta ko ƙifta ido. Na roƙi Yaya ya tambaye ta ko yarinyar za ta tashi. Ya tambaya. Ta ba shi amsa gajeriya, na ga ƙeyarsa ta sunkuya.

"Me ta ce? Yaya, don Allah wannan karon ka faɗa mini daidai."

"Ta ce ba ta sani ba. Ta ce ki yi ta yi mata magana, kada ki bari ta yi barci."

Na ƙara danna gwiwoyin 'Yar Tsana. Sai na sunkuya daidai kunnenta na ce ta buɗe ido, ga matar Kawu nan, ta zo ganinta.