Kafaɗun Ustaz Fikri

Likita ya ce wa Ustaz Fikri ko ya riƙa iyo ko zuciyarsa ta tsaya. Wata takwas yana shiga tekun Iskandariya kowace safiya. Tumbi ya zube, kafaɗu suka buɗe, kwat ɗinsa guda shida duk suka matse shi. Marigayiya matarsa Nargis ce ta zaɓi yadin kowacce.

Ya kwashe su zuwa shagon Usta Girgis, telansa na shekara talatin.

Girgis ya farke shafin cikin ɗaya daga kwat ɗin ya leƙa. "Ustaz, ni a wajen tumbi nake barin rarar yadi. Mutumin kirki ta nan yake ƙaruwa. Wa ya ce ka zama ɗan dambe da furfurarka?"

"Likita."

"To likitan ya ɗinka maka. Ƙugu zan rage. Kafaɗa kuwa ba ta buɗuwa, sai dai sabuwar kwat."

Fikri ya shafa wuyan mai ruwan toka. "In na daina iyon fa?"

"Wata uku ka dawo mutum."

Washegari ya zauna a wurin shan gahawa da ke kallon teku, ya ce a kawo masa wake da gurasa biyu.